Aparanti, Karen Mahaifinku

Abba da Rabi, da ku nake, da 'ya'yanku in sun yi wayo. Na san abin da aka faɗa muku tun kuna ƙanana, na kuma san shi kuke maimaitawa har yau in an tambaye ku me ya zaunar da uwarku ita kaɗai a Tangin cikin Mosawa: wai na bar ku saboda kare. Shekara da shekaru maganar tana dawo mini ta bakin matan biki, ina haɗiyewa, don wanda ya fara faɗinta shi ke ciyar da ku, kuma ban so in ɓata muku tuwon da kuke ci ba. Yanzu Baffanku Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni ma ƙafafuna sun fara ƙin ɗaukata. Zan faɗi yadda abin ya kasance, in kun ga dama ku yarda.

Ubana maharbi ne a ƙasar Dogon Dutsi, da karnuka na tashi. Na ga yadda yake wanke musu rauni in gyado ya yage su, na ga abin da yake ba su in tsutsar ciki ta ramar da su. Uwata kuma maganin mata da na yara take yi. Da aka kawo ni Zangon Wagadugu ina amarya, sana'ar uwata na riƙe, ta ubana na bar ta a ƙauye, don a Zango ko sunan kare ba a son ji da safe. Gidan da aka kawo ni na Yaya Malam ne, wan mahaifinku: zaure a gaba inda yake koyarwa, ɗakinmu a can ƙurya kusa da rijiya. A ƙofar ɗakin nan nake shanya sassaƙe da saiwa. Mai jego ba ta wanka a unguwar sai da ganyena, yaro in yana haƙori wurina ake kawo shi. Da wannan nake yi muku sutura in mahaifinku ya daɗe a hanya.

Shi kuwa mahaifinku direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Wagadugu zuwa Yamai, wani lokaci har Lome. A hanyar garin Fada ya tsinci ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin motarsa, ya jefa shi gaba kusa da shi, ya sa masa suna Aparanti, wato yaron mota, wai ya fi yaran motarsa hankali, ba ya satar mai, ba ya barci a bakin aiki. A tasha karen yake kwana yana gadin kaya, bai taɓa tako gidanmu ba. Ni labarinsa kawai nake ji in mahaifinku yana cin tuwo. Yakan ce Aparanti ya yi kaza, Aparanti ya kori ɓarawo a kan iyaka, har in ce masa to sai ka ɗaura masa aure.

A shekarar da aka rushe Zango, kafin damina, mahaifinku ya faɗi a tasha yana ɗaure kaya. Yaya Malam ne ya yi ɗawainiyar asibiti, wannan ba zan ɓoye ba. Aka dawo mana da shi rabin jiki a mace, baki ya karkace, magana ta tafi gaba ɗaya. Mutumin da in ya yi dariya a zaure ake ji a bakin rijiya, sai ga shi kwance a tabarma yana kallon rufin ɗaki, yawu na zuba ina gogewa. Mai motar ya ba wani direba ita, sabon direban ya kori karen. Ni ban ma tuna da shi ba, abin da ke gabana ya ishe ni.

Wata rana da hantsi ina surfe sai na ji mata suna kai, kai, a tsakar gida. Na ɗaga ido na ga wani abu yana jan ƙafa, ya ratsa zaure ya nufo ɗakinmu. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashi ya zube, ƙirci ya cinye masa baya, a cinyarsa akwai sara da ya ruɓe har tsutsa na motsi a ciki. Bai kalli kowa ba, ya zo bakin ƙofa ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a dokin ƙofa. Na ɗauki taɓarya zan kore shi, sai na ji wata ƙara daga cikin ɗaki. Mahaifinku ne, wanda tun da aka dawo da shi bai yi ko tari da ƙarfi ba. Ya miƙo hannunsa mai rai, hawaye na bin kuncinsa. A nan na san wane ne ya zo. Yadda aka yi ya gano gidan da bai taɓa gani ba, har yau ban sani ba.

Na ajiye taɓaryar. Na samo wata tsohuwar tukunya da aka jefar a bayan gida, na tafasa ganyen dogon yaro, da ya huce na wanke shi tun daga kai har jela. Ya yi gurnani amma bai cije ni ba. Na ɗauki tsinke na tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, na daka bagaruwa a kan wani dutse da na ɗauko a titi, na barbaɗa masa a raunin. Inda ƙirci ya ci na shafa man kaɗanya. Da ya fara iya haɗiya na riƙa dama masa ragowar tuwo da ganyen zogale da kan busasshen kifi, wani lokaci in murza masa 'ya'yan gwanda kaɗan a ciki saboda tsutsar ciki, kamar yadda na ga ubana yana yi. Da ya ɗan miƙe na ɗaura masa igiya na kai shi wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar hauka, don ganye ba ya maganin haukan kare, ko ubana ya san haka. Tukunyarsa daban, kaskonsa daban, dutsensa daban, ko kusa da turmina ba sa zuwa. Ku riƙe wannan, don a kansa aka fara yi mini ƙarya.

Abin da na lura da shi, kuma ni kaɗai na lura don ni ke zaune da shi, in karen ya ci mahaifinku zai buɗe baki ya karɓi kunu. Da can sai na yi ta lallashi kafin cokali ya shiga. Yanzu sai in ajiye kaskon Aparanti a bakin ƙofa inda zai gani, in zauna da kwanon kunu, su ci tare. Da gashin karen ya fara fitowa, shi ma ya fara yunƙurin zama da kansa.

Yaya Malam ya kira ni zaure bayan la'asar. Na durƙusa daga nesa.

"Maman Abba, me nake gani a ƙofar ɗakinki?"

"Yaya, karen ƙaninka ne. Tun da ya zo yake cin abinci."

"Gidan nan ana karanta Alƙur'ani a cikinsa. Mala'ikun rahama ba sa shiga inda kare yake, kin sani. Marar lafiya kuwa ya fi kowa bukatarsu."

"Ba ya shiga ɗaki, Yaya. A waje yake kwana."

"Mutane suna magana."

"To me zan ce wa ƙaninka in ya duba ƙofa bai gan shi ba?"

"Ba ya magana, balle ya tambaye ki."

Wannan amsar ban manta da ita ba har yau. Ban kori karen ba, na mayar da shi bayan rijiya da rana, in gari ya yi sanyi ya dawo bakin ƙofa. Amma magana ta riga ta fita. Masu jego suka fara raguwa. Wata maƙwabciya da na yi wa wankan duk haihuwar da ta yi, na tare ta a hanya na tambaye ta lafiya na ga 'yarta ta haihu ba a aiko ba. Ta ja mayafinta ta ce:

"Ke ma kin sani. An ce turmi ɗaya kike daka na mutum da na kare."

Na ce ta zo ta gani da idonta. Ba ta zo ba. Babu wadda ta zo. Kafin damina ta tsaya, sassaƙen da na shanya ya yi fumfuna a ƙofar ɗaki babu mai saye. Akwai wani malami tsoho a unguwar da na je na kai wa kuka, ya rage murya ya ce mini a karatun da su suka yi kare mai rai ba najasa ba ne, kuma ajiye na gadi ba laifi. Na ce to Malam ka faɗa a masallaci mana. Ya ce shi da Yaya Malam ba su taɓa samun saɓani ba, ba zai fara a kan wannan ba.

Ana cikin haka aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen Zango, alamar hukuma za ta rushe su. Kun tuna wannan, kun yi wayo a lokacin: tarurruka, koke-koke, tsofaffin da aka haifa a unguwar suna zaune a kan kayansu ba su san inda za su dosa ba. Gidan da sunan Yaya Malam yake, don haka shi aka ba fili a can kudancin gari, inda babu ko bishiyar da za a fake. Ya yi ɗakuna cikin gaggawa, ya ware mana ɗaya. Ranar da za a kwashe kaya ya aiko matarsa ta faɗa mini cewa ɗaki yana nan, amma kare ba zai taka sabon gida ba, in kai shi wurin masu burkutu, akwai masu cinsa, za su karɓa da murna.

Na yarda da rabin maganar. Wannan ma ba a faɗa muku ba: na bi umarni, na rabu da karen. Akwai wata Bamoshiya mai suna Poko, bazawara, tana da lambu a bakin baraji, madatsar ruwan nan ta Tangin, ita ke kawo mini wasu ganyaye tun ina amarya. Na ja Aparanti da igiya har can, na roƙe ta ta riƙe shi ya yi mata gadin salak da kabeji. Ta ce da ni cikin Hausarta ta kasuwa:

"Bar shi nan. Amma wannan baaga, idonsa yana wurin mutum, ba zai zauna lafiya ba."

Baaga shi ne kare da Mosanci. Na ɗaure shi a gindin mangwaro na tafi ban waiwaya ba, ina jin kukansa har na hau titi.

A sabon gida mahaifinku ya duba ƙofa ranar farko, ya duba rana ta biyu, daga nan ya juya fuskarsa bango ya rufe baki. Na dama kunun gyaɗa, ya ƙi. Na yi masa farfesun kaza da bashin maƙwabta, ya ƙi. Yaya Malam ya yi rubutu aka wanke, aka danne shi aka ɗura, ya dawo da shi ta gefen baki. Ruwa kawai yake yarda in ɗiga masa. Ina kallo idanunsa suka faɗa, fatar hannunsa in na ja ba ta komawa. Na san wannan kamar, na ga ta a jikin tsofaffin da uwata ta yi jinya. Na je na durƙusa gaban Yaya, wannan karon har goshina ya taɓa ƙasa.

"Yaya, don Allah don Annabi, ko a bayan katanga ne a ɗaure shi, inda zai ji haushinsa. Ƙaninka zai mutu."

"Rai a hannun Allah yake, ba a hannun kare ba. Ki yi istigfari."

"Na yi, Yaya. Amma ba ya ci."

"In kwanansa ya ƙare, ya mutu a cikin tsarki ya fi masa."

Na tashi. Washegari da safe na samo mai amalanken jaki, muka shimfiɗa katifa, ni da shi muka ɗauko mahaifinku kamar jariri muka kwantar. Ban yi a ɓoye ba, kowa na tsakar gida yana gani. Na ce Abba ɗauko takalmanka, Rabi zo in ɗaura miki ɗankwali. Sai Yaya Malam ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mijinki ne, ban hana ki ba, ki kai shi inda kika ga dama. Amma yaran nan jininmu ne. Ba za su tashi a cikin masu burkutu da karnuka ba."

Rabi, kin riƙe bakin zanena da hannu biyu. Matar Baffanki ce ta ɓamɓare yatsunki ɗaya ɗaya, ba ni na ture ki ba, ko da an faɗa miki haka. Abba, kai kana tsaye bayan Baffanka, ka sunkuyar da kai. Na dubi amalanke, na dube ku. Ku kuna da ƙafa, kuna da baki, kuna da mai ba ku tuwo. Shi ba shi da ko ɗaya sai ni. A raina na ce in ya fara ci, in ya ɗan farfaɗo, zuciyar Yaya za ta yi sanyi in dawo in ɗauke ku. Da wannan tunanin na ce wa mai jaki mu tafi.

Hanyarmu ta bi ta tsohon Zango. Babu gida, babu zaure, sai tarin ƙasa da guntayen kwano, ko rijiyarmu ban gane inda take ba. Na rufe wa mahaifinku fuska da mayafi don kada ya gani. Da muka isa Tangin rana ta take. Tun kafin mu sauka daga titi na ji haushi, sai ga shi da guntun igiya a wuya, ya tsinke ta. Shi ma ya rame, Poko ta ce tun da na tafi bai ci abin kirki ba. Ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan amalanke, mahaifinku ya lalubo kansa da hannu ya riƙe kunnensa. Poko ta kawo koko a ƙwarya. Na zuba wa karen a kasko, na ɗebo cokali na kai bakin mahaifinku. Ya buɗe.

Poko ta ba mu ɗakin da take ajiye taki da bututun ban ruwa, na share na yi masa daɓe. Na koma ɗaukar ruwa a lambu da sayar da ganye a bakin titi, ni da a da ake sallama a ƙofata ana jira. Da mahaifinku ya samu ƙarfin zama na koma kudu neman ku. Aka ce kun tafi lakwal, karatun boko. Na sake komawa, aka ce Malam ya ce in bari sai ya neme ni. Na tura dattawan Zango, suka je suka sha shayi suka dawo suka ce in yi haƙuri, yaran suna cikin alheri. Gaskiya ne kuna cikin alheri, ya yi muku sutura, ya sa ku karatu, ya aurar da ku. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya sa a kunnenku. Ranar wata Sallah da aka kawo ku ku gaida ubanku, kun tsaya a bakin shinge da sababbin kaya kun ƙi shigowa. Na fito da gudu zan rungume ki, Rabi, kika ja baya kika ce:

"Inna, kin wanke hannu?"

Na koma na wanke, da sabulu, a gabanki. Kafin in dawo wanda ya kawo ku ya tayar da babur.

Mahaifinku ya yi shekaru a Tangin, shekarun da aka ce gara ya mutu bai gan su ba. Da safe in fito da shi gindin mangwaro in jingina shi, Aparanti ya kwanta a ƙafarsa, su yi ta kallon masu ban ruwa. Duk damina in kaska ta kama karen sai in tafasa dogon yaro in wanke shi, da ya fara tsufa gaɓoɓinsa suna ciwo sai in shafa masa man kaɗanya da ɗumi, in juya in shafa wa ubanku a kafaɗarsa da ta mutu. Mosawan lambu suka fara kawo mini nasu karnukan, daga baya matansu suka fara kawo jarirai, babu wadda ta tambaye ni turmi nawa gare ni. Da haka muka ci. A shekara ta biyu ko ta uku bakin mahaifinku ya fara sakin kalma. Sunan karen ya fara fitowa, rabi rabi, sai ya ce Apa, karen ya ɗaga kai. Na yi murna har na yanka kaza. Na aika kudu a faɗa muku ubanku ya fara magana. Ban sani ba ko saƙon ya iso ku.

Karen ya riga shi tafiya. Tsufa ne, babu ganyen da ke maganinsa. Ya kwanta wata safiya bai tashi ba, ni da Poko muka haƙa rami a ƙarshen lambu. Na ji tsoro mahaifinku zai sake rufe baki, amma bai rufe ba, ya ci gaba da karɓar kunu, don a lokacin ya samu wani abin da yake jira. Bayan sunan karen, kalma biyu ya ƙara koya, ya sha wuya kafin su fito daidai, yana yi yana gumi kamar mai ɗaukar buhu. Duk yamma sai ya nuna mini da hannu in juya shi ya fuskanci titi, inda babura ke saukowa daga gari. In ya hango babur da mutum biyu a kai sai ya miƙe wuya ya fara faɗinsu, har babur ɗin ya wuce, ya yi shiru, ya jira na gaba. Haka ya yi har damina biyu bayan karen. Ranar da zai rasu ma sai da na fito da shi.

Kun zo jana'iza, kun yi kuka, Baffanku ya yi masa salla ya ɗauke ku kuka koma. Tun daga ranar kun zo Tangin sau da dama, kun kawo mini shinkafa, kun kawo atamfa, Abba ka sa an yi mini rufin kwano, na gode. Amma a cikinku babu wanda ya taɓa zama ya ce, Inna, da Baba ya fara magana me yake cewa? Na jira tambayar har na gaji, to ga amsar ko ba ku nema ba. Abba yake cewa, sannan ya huta, ya ja numfashi, ya ce Rabi.